ABINCI NA TSAYA MIKI A ƘIRJI? KADA KI BARI SAI KIN HAIHU

A wannan fitowar ina so mu tattauna a kan wata matsala da ba kasafai ake kawo ta asibiti da wuri ba, wato wahalar haɗiyar abinci, ko kuma mace ta haɗiye loma ta ji ta tsaya mata a wuya ko a tsakiyar ƙirji, sai ta kora da ruwa kafin ta wuce. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: duk macen da hakan ke yawan faruwa gare ta, ta faɗa wa ma'aikaciyar awo tun zuwan farko, kada a ce mata "ai cikin ne, bari ki haihu zai wuce." Wani yakan wuce bayan haihuwa, gaskiya ne. Wani kuwa ba ya wucewa, kuma watannin da aka ɓata ana jira su ne watannin da jaririn da ke ciki ya fi bukatar uwarsa ta ci ta ƙoshi.

Yadda hanyar abinci take

Daga maƙogwaro zuwa tumbi akwai wani bututu na tsoka mai tsawon kimanin santimita 25 a jikin babba. Shi ne hanyar abinci. Yana bayan hanyar numfashi, ya bi ta tsakiyar ƙirji ya sauka cikin ciki. Idan mutum ya haɗiye loma, tsokar bututun ce ke matsa ta sannu a hankali har ta kai ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi. A ƙarshensa akwai wata ƙofa ta tsoka da ke buɗewa abinci ya shiga tumbi, sannan ta rufe don kada ruwan tsamin ciki ya dawo sama. Idan bututun nan ya ƙuntata har faɗinsa ya koma kamar milimita 13 ko ƙasa da haka, to abinci mai tauri zai fara maƙalewa. Haka kuma idan ya kumbura, ko ya yi miki, ko wani abu ya danne shi daga waje, ko tsokarsa ta daina aiki yadda ya kamata.

Yadda mata ke ɓoye matsalar

Abin da ya sa wannan ciwo yake daɗewa ba a gane shi ba, shi ne mace takan iya zama da shi. Da farko nama ne zai riƙa tsaya mata, sai ta daina cin nama ta ce warinsa take ji. Daga nan sai burodi da hoce da dambu. Sai a ga ba ta zama cin abinci sai da moɗar ruwa a gefe, kowace loma da kurɓi. Sai ta zama ita ce ta ƙarshe wajen tashi daga kwano, ko ta daina ci tare da mutane saboda kunya. A ƙarshe ta koma koko da safe, kunu da rana, fura da dare. Mutanen gida kuwa sai su ce laulayi ne, ko tsirfar masu ciki. Mai cikin fari ma ta fi shiga wannan hali, domin kunyar uwar miji ba za ta bar ta ta buɗe baki ta ce ga abin da ke damunta ba.

A ɗakin awo muna ganin mata daga Gwandu da Kambaza da Dalijan, da kuma Kalgo da Diggi da Zuguru, waɗanda ma'auni ke nuna nauyinsu bai ƙaru ba wata da watanni. Idan aka tambaye su ko suna cin abinci, sai su ce suna ci. Sai an sake tambaya an ce "me kike ci, kuma yana wucewa lafiya?" sannan maganar take fitowa. To ai koko da kunu yawancinsu ruwa ne da gari. A tsawon goyon ciki guda jikin mace yana bukatar kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ayon, wanda da shi ake gina jini, kuma nama da kifi da wake da ganye ne ke ɗauke da shi. Macen da ta bar waɗannan don ba sa wucewa, jininta zai ragu, ta zo haihuwa ba ta da abin da za ta jure zubar jini da shi.

Abubuwan da ke kawo shi ga mai juna biyu

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne ƙwannafi. Lokacin goyon ciki akwai wani sinadari da jiki ke samarwa da yawa mai suna furojestaron, wanda ke sassauta tsokoki, har da ƙofar nan ta bakin tumbi. Ga kuma mahaifa tana girma tana turo tumbi sama. Sai ruwan tsami ya riƙa dawowa yana ƙona bututun. Mata da yawa suna fama da shi, musamman daga wata na bakwai, kuma ga akasarinsu yakan tafi bayan haihuwa. Amma idan ƙunar ta daɗe, ciki bayan ciki, wurin yakan yi miki, ya warke da tabo, tabon kuma ya tsuke hanyar. Wannan tsukewar haihuwa ba ta warware ta.

Na biyu shi ne ƙarancin jini, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau, domin mutane kaɗan ne suka san yana da alaƙa da haɗiya. Tun a shekarar 1919 wasu likitoci biyu a Birtaniya, Paterson da Brown Kelly, suka bayyana cewa matan da suka daɗe da ƙarancin ayon a jiki, wata siririyar fata kamar yana takan tsiro ta tare wani sashe na saman hanyar abinci. A 1922 wani likita a Amurka mai suna Vinson ya sake bayyana irin wannan. A da ciwon ya yi yawa a tsakanin matan arewacin ƙasar Suwidin, amma da abinci ya inganta sai ya zama da wuya a gan shi. Mu kuwa har yanzu tushensa yana nan tare da mu: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a Nijeriya suna da ƙarancin jini. Ba kowace mai ƙarancin jini ce za ta samu wannan yanar ba, kaɗan ne daga ciki. Amma idan mace tana jin abinci na tsaya mata a wuya, ga gefen bakinta ya tsage, harshenta ya yi sulɓi yana zafi, farcenta ya lotsa kamar cokali, tana yawan gajiya da haki, tana kwaɗayin cin farar ƙasa ko ƙanƙara, to lallai a auna jininta. Abin farin ciki, sau da yawa idan aka cike ayon ɗin haɗiyar takan gyaru, idan kuma ba ta gyaru ba likita yakan buɗe wurin cikin sauƙi. Barinsa shekaru ba magani kuwa yana ƙara haɗarin ciwon daji a wannan wuri.

Na uku, ƙwayoyin magani da aka haɗiya ba da isasshen ruwa ba. Ƙwayar ƙarin jini da muke bayarwa wurin awo tana cikin waɗanda idan suka maƙale a hanya suka narke a wurin, sukan ƙona shi. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda dama bai kamata mai ciki ta saya ta sha da kanta ba. Wasu matan sukan jefa ƙwaya a baki su haɗiye da yawu, ko su sha da kurɓi ɗaya su kwanta nan take. Washegari sai su ji zafi a ƙirji duk lokacin da suka haɗiyi abu, sai su ce maganin asibiti bai karɓe su ba, su watsar da shi. Maganin bai yi laifi ba, a gyara yadda ake shan sa.

Na huɗu, maƙoƙo. Idan ya girma yakan danne hanyar abinci da ta numfashi, kuma yakan ƙara girma lokacin goyon ciki saboda jiki yana bukatar ƙarin sinadarin aidin. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, saboda haka a riƙa sayen gishirin leda mai aidin, a ajiye shi a rufe.

Akwai sauran dalilai. Wasu ƙofar bakin tumbinsu ce ba ta buɗewa sosai, irin waɗannan har ruwa ma yakan tsaya musu, kuma abinci yakan dawo musu da dare. Wasu kuma, musamman matasa masu asma ko borin jini, wani kumburi ne da wasu nau'o'in abinci ke tayarwa a bututun, wanda sai a farkon shekarun 1990 likitoci suka gane shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Idan kuma haɗiya tana zafi, ga farin abu kamar dusar madara a harshe da dasashi, yana iya zama alamar garkuwar jiki ta yi rauni, shi ya sa gwajin ƙanjamau da na ciwon suga da ake yi wurin awo suke da muhimmanci.

Wanzami, kanwa da babbar loma

Akwai abubuwa uku da aka saba yi a gidajenmu waɗanda nake roƙon a bari.

Na ɗaya, kai mace wurin wanzami a cire mata beli ko hakin wuya. Wanzamai mutane ne masu daraja a garuruwanmu, kuma sana'ar gado ce, ban zo don in ci mutuncin kowa ba. Amma belin nan yana can sama a bayan baki, inda kowa zai iya hangowa, ita kuwa matsalar tana can ƙasa cikin bututun da aska ba ta kaiwa. Za a yanke abin da bai yi laifi ba, a bar ciwon yana nan. Sannan mace mai ciki wadda dama jininta bai cika ba, an ƙara mata zubar jini, ga miki a maƙogwaro da zai hana ta ci na kwanaki, ga haɗarin sandarewar wuya da ciwon hanta da ƙanjamau idan ƙarfen ya taɓa wani kafin ita. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Na biyu, jiƙa kanwa a sha don ƙwannafi. Takan kwantar da shi na ɗan lokaci, shi ya sa ake yarda da ita. Sai dai kanwa cike take da gishiri, gishiri kuma yana tara ruwa a jiki ya hau da jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Akwai magungunan ƙwannafi da ba su da illa ga ciki, a zo a karɓa.

Na uku, idan ƙayar kifi ko ƙashi ya maƙale, sai a ce a haɗiyi babbar lomar tuwo ba tare da taunawa ba don ta tura shi. Mu mutanen Kebbi Allah ya albarkace mu da kifi, tarwaɗa da ƙarfasa ba sa yankewa a kasuwanninmu, don haka wannan ba baƙon abu ba ne. Lomar tana iya ƙara soka ƙayar cikin naman bututun, ta huda shi. Hujin hanyar abinci kuwa yana cikin manyan haɗurra, domin kusa da zuciya da huhu da manyan jijiyoyin jini yake. Haka nan cusa yatsa ko cokali a maƙogwaro. Shi ma lemun kwalba baƙi da wasu ke cewa yana narkar da naman da ya maƙale, an gwada shi a ƙasar Holan a kan mutum 51, aka fitar da sakamako a 2023: waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, babu wanda ya fi wani samun sauƙi.

Idan abinci ya tsaya, me za a yi?

Da farko a bambanta abu biyu. Idan mutum ya ƙware, wato abincin ya faɗa hanyar numfashi, ba ya iya magana ko tari ko numfashi, to babu lokacin neman mota. A sunkuyar da shi gaba, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu da ƙarfi sau 5. Idan bai fita ba, a tsaya ta bayansa a zagaye shi da hannuwa a matsa sau 5, a yi ta maimaita biyun. Ga mai tsohon ciki ba a matsa mata ciki, a tsakiyar ƙashin ƙirji ake ɗora hannu a matsa. Ya kamata kowane maigida ya san wannan.

Idan kuwa tana numfashi tana magana, amma tana jin lomar a tsaye, to ta daina ci, ta miƙe zaune ko ta ɗan zagaya, ta kwantar da hankalinta, ta gwada ɗan kurɓin ruwa kaɗan. Sau da yawa yakan wuce da kansa. Idan ruwan ya dawo, kada a ƙara. Idan ta kai ko yawunta ba ta iya haɗiyewa, yana dalala, to hanyar ta toshe gaba ɗaya, a kama hanyar asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, domin likitoci suna so su cire irin wannan cikin sa'o'i 6. Ko da yawu yana wucewa, kada a bar abu a maƙale ya kwana ya wuni. A lura, wannan daban yake da yawan tofar da yawu da wasu masu ciki ke yi har su riƙa yawo da gwangwani. Su suna iya haɗiyewa, tashin zuciya ne ke hana su.

Ko abin ya wuce da kansa, idan ya taɓa faruwa fiye da sau ɗaya, a faɗa wurin awo. Sannan a gaggauta zuwa, ba sai ranar awo ta zagayo ba, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: matsalar tana ƙaruwa daga nama zuwa tuwo zuwa kunu, rama ko rashin ƙaruwar nauyi, aman jini, bayan gida baƙi mai danƙo da wari kamar kwalta, wanda ya bambanta da ɗan duhun da maganin ƙarin jini ke sawa, dushewar murya da ta ƙi tafiya, tari ko ƙwarewa duk lokacin da aka sha ruwa, zazzaɓi da ciwon ƙirji bayan abu ya maƙale.

Akwai gargaɗi guda da ya shafi masu ciki kaɗai. Ciwo mai tsanani a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan wata biyar, tare da ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, kada a ɗauke shi a matsayin ƙwannafi. Yana iya zama hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. A tafi asibiti mafi kusa a auna jini da fitsari a ranar.

Zama da matsalar yau da gobe

Kafin a gano dalili, da kuma lokacin da ake kan magani, dole mace ta ci gaba da cin abinci mai gina jiki. Dabarar ita ce a sauya yadda ake dafa shi maimakon a daina cinsa. Nama a dafa shi ya yi luguf, a daka ko a yayyanka ƙanana a zuba cikin miya. Kifi a zauna a cire ƙayarsa da rana, ba a cikin duhu ba. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi suna taimaka wa loma ta zame. Faten wake, alale mai laushi, dafaffen ƙwai da aka farfasa cikin miya, kunun gyaɗa da madara, zogale da alayyafo da aka dafa sosai, duk suna wucewa cikin sauƙi kuma suna gina jini. A yi hattara da kilishi da tsire da balangu da ƙanzo da busasshen burodi. Lokacin Babbar Sallah da lokacin buɗa-baki a ƙara kula, domin soyayyen naman layya da cin gaggawa bayan yunwa su ne suka fi sa abinci ya maƙale.

A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, a zaune a miƙe, da ƙananan loma, a tauna sosai. A bar kamar sa'o'i 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. A ɗaga wajen kan gado da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20, a kwanta ta gefen hagu. A rage yaji da maiƙo da goro idan an lura suna tayar da ƙwannafi.

Maganin ƙarin jini kuwa kada a daina. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2016 ta ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ayon da maikurogiram 400 na folik asid kullum. A sha da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan minti 30. Kada a haɗa shi da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotse shi. A raba shi da maganin ƙwannafi da sa'o'i 2. Wadda ƙwaya ba ta wuce mata, ta faɗa, akwai na ruwa, akwai kuma wanda ake sawa ta jijiya idan likita ya ga dacewar haka. Idan maganin ƙwannafi na ruwa bai wadatar ba, likita yana iya rubuta omefurazol. Shi kuwa ranitidin da aka saba bai wa masu ciki a da, ƙasashe da dama sun janye shi daga kasuwa a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a cikinsa, don haka kada a je kemis a nema da tsohuwar takarda.

Ga masu cewa a jira

Na san hujjojin da ake kawowa, kuma ba duka ne na banza ba. Ana cewa yawanci abin ba komai ba ne. Haka ne, akwai ma matan da ke jin kamar wani ƙulli a wuya alhali abinci da ruwa suna wucewa lafiya lau, wannan galibi ba shi da haɗari. Amma wa zai tantance wanne ne wanne? Ba a gane shi daga zaure. Tambayoyi kaɗan, da duba ido da harshe da farce da wuya, da gwajin jini, su ne matakin farko, kuma ana iya yin su a asibitin Gwandu ko na Kalgo ko ɗakin shan magani na kusa, a ranar awon da dama za a zo.

Ana cewa babu kuɗi, ga tsadar mota. Wannan gaskiya ce da kowa ke ji a jikinsa. Sai dai a kwatanta kuɗin gwajin jini da ƙwayar wata guda, da kuɗin ledar jini biyu ko uku ranar haihuwa, da neman wanda zai bayar cikin dare. Mafi yawan matan da ke da wannan matsala ba za su bukaci wuce matakin farko ba. Kaɗan ne za a tura Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato don ganin ƙwararru. Yana da kyau kuma maigida ya tambaya a asibitin yankinsa yadda ake shiga shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, wato KECHEMA.

Ana kuma tsoron kada binciken ya taɓa jariri. Likitoci ma suna wannan tunanin. Hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwa mai kauri, akan ɗage shi sai bayan haihuwa. Leƙa hanyar abinci da siririn bututu mai kyamara kuwa ana iya yin sa ga mai ciki idan bukata ta kama, an fi so a tsakiyar goyon ciki, kuma da shi ake cire abin da ya maƙale ko a buɗe inda ya tsuke. Idan likita ya duba ya ce a jira sai an haihu, to wannan jira ne da ido a kai, ana auna nauyi da jini, an kuma san ranar dawowa. Abin da nake ƙi shi ne jiran da ba wanda ya duba. Kuma bayan arba'in, idan matsalar tana nan, a dawo kafin wani cikin ya shiga.

Sauran mutanen gida

Tunda wannan takarda takan shiga hannun kowa a gida, bari in ƙara da yara da tsofaffi. Mata da yawa suna sana'ar haɗa sabulu, kuma sodar da ake jiƙawa fara ce tas kamar ruwan sha. Yaro ya kurɓa sau ɗaya, hanyar abincinsa ta ƙone, bayan 'yan makonni ta tsuke, ya shafe shekaru ana buɗe masa ita. Kada a zuba soda a robar ruwa ko kwalbar lemo, kada a ajiye ta a ƙasa. Idan tsautsayi ya faru kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja, a tafi asibiti da shi tare da abin da ya sha. Haka ƙaramin batir mai kama da maɓalli na agogo da kayan wasa, idan ya maƙale yana iya ƙona wurin cikin sa'o'i 2. Dattijo ko dattijuwa kuma da abinci ya fara tsaya musu suna ramewa, kada a ce tsufa ne, a kai su a duba da wuri.

Kira na ƙarshe

Maigida, kai ne ka fi kowa damar lura. Ka zauna wata rana ka ga yadda iyalinka take cin abinci, ka tambaye ta, ka ba ta izini da kuɗin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. Inna da Gwaggo, ku ne ake jin maganarku a cikin gida. Idan kuka ce a je asibiti, babu mai musawa. Abokan aikina kuma, mu ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda muka saba yi: "Abinci yana wuce miki lafiya?" Ke kuma 'yar'uwata, ba rashin kunya ba ne ki faɗi abin da ke damunki, kuma ba raki ba ne. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki faɗa mana, mu duba.

Allah ya ba mu lafiya, ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya abin da za a haifa. Amin.